Fatauci Ba Tsari Aikin Baban Giwa Ne

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Mil 12 da ke Ikko a tsakiyar rani, lokacin da tumatirin fadamun Kano da Katsina da Kaduna ya nuna, ya san abin da ake nufi da a sha wahala a tashi a tutar babu. Tun kafin assalatu manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin kasuwa, kowace maƙare da kwanduna, kowace kuma ta yi kwana biyu ko uku bisa hanya, ta ratso tafiyar kilomita wajen 1,000. Masu kaya sun sauko idanu jajur don rashin barci. Da gari ya waye 'yan sari suka ga kaya sun yi yawa, sai su noƙe, su koma gefe su harɗe hannu, domin sun san zafin rana yana yi musu aiki. Kafin azahar ruwan tumatir ya fara malala ƙarƙashin mota. Mai kayan da ya rantse da safe cewa ba zai sallama ba, shi ne yanzu yake bin mai saye yana lallashi. Ƙarshenta a sallama a kan abin da ko kuɗin mota bai fitar ba.

Bayan wata uku ko huɗu, idan damina ta kankama, sai reshe ya juye da mujiya. Kwandon da aka yi ta roƙon a saya ya zama abin nema ido rufe, matan aure a Agege da Mushin suna kuka da tsadar cefane, amma falken da ya kamata ya ci ribar wannan lokaci ba ya kasuwa, gama jarinsa ya riga ya narke tun cikin rani. Haka abin yake maimaituwa shekara da shekaru, a Ikko da Badun da Anacha da Inugu da Fatakwal, a tumatir da albasa da tattasai, har da shanu da awaki.

Idan aka tambayi wanda abin ya faɗa wa, amsarsa ba ta wuce ya ce kasuwa ce ta yi halinta. Ko shakka babu kasuwa tana da hali, arziki kuma na Allah ne. To, amma fa akwai bambanci tsakanin ƙaddara da sakaci. In motoci 50 suka haɗu a ƙofar kasuwa ɗaya rana ɗaya, dalili shi ne mutum 50 sun yi lodi ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa yake ciki. 'Yan Arewa mazauna Kurmi ba ragwaye ba ne, da wuya a sami wanda ya fi su juriya. Ba su kuma rasa haja ba, gama mafi yawan nama da albasa da kayan gwari da biranen kudu suke ci ta hannunsu suke biyowa. Abin da yake cin dukiyarsu shi ne rashin tsari, kuma muddin ba a gyara wannan ba za a ci gaba da yin aikin baban giwa.

Abin da ake nufi da tsari

Tsari a harkar ciniki ba wani dogon turanci ba ne. Abubuwa ne biyar da kowane ɗan kasuwa ya san su ko da bai taɓa shiga aji ba. Na farko, falke ya san wanda zai sayi kayansa kafin ya ɗaure su. Na biyu, ya san ranar da za su isa, da yawan waɗanda za su isa tare da su. Na uku, awonsa ya zama ɗaya, na yau ya yi daidai da na gobe. Na huɗu, abin da ya shigo da abin da ya fita, da wanda ake bi da wanda yake bi, duk su zama a rubuce. Na biyar, kowa da ke cikin harkar, daga yaron da ke sayo kaya a ƙauye har zuwa dillalin da ke sayarwa a birni, ya san aikinsa ya kuma san hakkinsa. Wato dai sayar da kaya ba ya farawa a sa'ar da aka kwance bakin buhu. Tun daga bakin gona yake farawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Gadon iyaye da kakanni

Wani zai ɗauka wannan baƙon ilimi ne da aka aro daga Turawa. Tarihin fataucin Hausawa ya ƙaryata haka. Tun a ƙarni na 19 ayarin fatake yakan tashi daga Kano ya nufi Gwanja, ƙasar da ke cikin Ghana ta yanzu, ya kai kanwa da tufafi da ƙiraga kasuwar Salaga, ya komo da goro. Tafiya ce ta watanni, a ƙasa, da jakuna, cikin ƙasashen da kowace take da sarkinta da harajinta. Babu ayarin da yake tashi kara zube. Akwai madugu, wanda shi ne shugaba kuma shi yake magana da sarakunan hanya. Akwai jagaba, wanda yake wucewa gaba ya duba hanya da zango. Akwai uban dawaki, akwai kuma malamin ayari mai alƙalami. Kowane falke da jarinsa da ribarsa, amma ranar tashi ɗaya, hanya ɗaya, baki ɗaya. Shi kansa goron ba a sayar da shi da ka: ƙwarya 100 ce, ko a Salaga ko a Kano, kuma an san yadda ake naɗe huhu da ganye, a riƙa buɗewa ana tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran.

Daga cikin wannan makaranta Alhaji Alhasan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Abin da ya ɗaga shi sama da tsararrakinsa shi ne lura da hanya da lokaci. Sa'ad da saura suke bin tsohuwar hanyar jakuna, shi ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, sai ya juya ga gyaɗa, ya baza wakilai ƙauyuka, ya ba su kuɗi tun kafin kaka, ya san buhu nawa zai fito daga kowane gari da ranar da zai iso. Lokacin da ya rasu ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Misalin da ya fi kusa da mai karatu kuwa shi ne na unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikin Hausawan Sabo a 1962 da 1963, ya ga abin da ya ba shi mamaki. A lissafinsa, shanu kusan 75,000 ake sayarwa a karar Badun kowace shekara, daga hannun fataken Arewa zuwa hannun mahauta Yarbawa, kuma dukan cinikin bashi ne. A kowane lokaci akwai bashin da ya kai wajen fam 100,000 a waje, ba takarda, ba kotu, ba ɗan sanda, amma kuɗi suna dawowa. Sirrin abin yana hannun maigida. Shi yake saukar da baƙon falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa. Dillalansa sun san kowane mahauci, sun san shanu nawa yake iya yankawa da bashin da ke wuyansa. Mahaucin da ya ƙi biya ba zai sake samun sa a kara ba har sai ya biya. In kuwa kuɗi suka maƙale, maigida ne zai tsaya wa baƙonsa, domin in ya bari sunansa ya ɓaci labari zai kai Arewa, ba kuma wanda zai ƙara sauka gidansa. Haka aka yi cinikin goro a Shagamu da Agege. Jarin waɗannan mutane bai kai na attajiran yau ba, amma kowa ya san matsayinsa.

Inda gizo yake saƙa

Wannan tsari ya dace da zamaninsa: unguwa ƙarama, mutane sanannu, hanya ɗaya, shanu su zo a ƙasa ko a jirgi. Zamani ya juya. Birane sun kumbura, karar da maigida yake iya sanin kowane mahauci a cikinta ta zama teku. Mota ta maye gurbin jirgi, wayar hannu ta sa duk wanda ya ji an ce kasuwa ta yi kyau a Ikko yau, gobe ya yi lodi, shi da wasu ɗari da suka ji labari ɗaya. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, kowa ya koma cin gashin kansa. Tsohon tsari ya raunana, ba a kuma gina sabo a gurbinsa ba. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma nan kiɗa ya canza masu rawa suka watse.

Ɓarnar farko ita ce ta lokaci, wadda aka riga aka bayyana. Kasuwannin da kaya suke tasowa sanannu ne: Kwanar Gafan da Ɗanja ga tumatir, Aliero ga albasa, Potiskum da Maigatari da Mubi ga dabbobi, Dawanau ga hatsi. Kasuwannin da suke sauka su ma sanannu ne. Abin mamaki ne a ce a zamanin da kowa yake da waya a aljihu, babu wani ofishi a wurin lodi da zai iya gaya wa falke cewa motoci kaza sun riga sun kama hanyar Mil 12 tun jiya, gara ya jinkirta kwana ɗaya ko ya karkata Anacha. Ko manyan masu jari ba su tsira daga wannan cuta ba. Masana'antar tumatirin gwangwani ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wadda aka gina don ta sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda rashin samun isasshen tumatir a kan kari, alhali a tsakiyar fadamun tumatir take. Inji da kuɗi ba su wadatar in ba a daidaita noma da saye da jigila ba.

Ɓarna ta biyu ita ce ta awo da marufi. Kwandon wani ya fi na wani zurfi, buhun wani an yi masa hula, na wani an tsuke masa baki. A jera manya a sama, a cusa ruɓaɓɓu a ƙasa. Mai yin haka yana ganin ya yi wayo, bai san cewa duk abokan sana'arsa ya cuta ba, domin mai saye da aka taɓa yi wa haka, in ya dawo zai taya kowane kwando a kan farashin mai ruɓa. Bugu da ƙari, kwandon kaba da ake jibga wani kan wani, na sama yakan danne na ƙasa. Lissafin a fili yake. Alal misali, falken da ya ɗauko kwando 100, idan 20 suka dagargaje a hanya, dole sauran 80 su ɗauki kuɗin 100, wato sai ya ƙara rubu'i a kan kowane kwando kafin ya mai da uwar kuɗinsa, balle a yi zancen riba. Akwatunan roba da ake jerawa ba tare da wani ya danne kayan wani ba sun daɗe da shigowa. Abin da ya hana su yaɗuwa shi ne sai an mai da su Arewa bayan an sauke kaya, wannan kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, aikin ƙungiya ne.

Ɓarna ta uku, wadda ta fi kowace ciwo, ita ce ta bashin baka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ciniki ba ya tafiya sai da shi. Amma amanar da ta riƙe karar Badun a da, tana da masu gadi: kowa ya san kowa, mai cin amana kuma ba shi da wurin ɓuya. Yau mai karɓar kaya yakan kashe waya ya koma wata kasuwa. Sau nawa aka ga attajiri ya faɗi ya mutu a Kurmi, iyalinsa su zo daga Arewa, a rasa ko takarda ɗaya da za ta nuna wa yake bi? Masu binsa su fito da shaidu, waɗanda yake bi su yi gum. Dukiyar shekara 30 ta watse kafin sadakar arba'in, marayu su koma gida hannu rabbana. Wanda yake ganin rubuta bashi rashin yarda ne, ya tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ga wanda bai yi boko ba, ajami ma rubutu ne.

Ɓarna ta huɗu ita ce tsayawa a ƙofar kasuwa. Falke ya ɗauki kasadar hanya, ya biya kuɗin mota da na shingaye, ya jure hatsari da 'yan fashi, sa'an nan ya sauke kaya ya miƙa wa na farko da ya taya. Ribar gaske kuwa tana gaba, wurin masu otal da makarantun kwana da asibitoci da manyan kantuna, waɗanda suke sayen kaya kullum. Irin waɗannan ba su sayen kaya da sa'a. Suna neman wanda zai yi alkawarin kawo kaya kaza, iri kaza, ranar kaza, ya ba da rasiɗi, a biya shi ta banki. Mutum ɗaya ba zai iya cika wannan alkawari shekara guda cur ba, amma mutum 20 da suka haɗa kai za su iya. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, bayan sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000, ya nuna wannan ƙarara: wanda yake da asusun banki da sanannun abokan ciniki ya ci gaba da sayarwa, wanda ya dogara ga kuɗi hannu kuwa ya zauna yana kallon kayansa suna lalacewa.

Darasin 2021

Kada wani ya ce 'yan kasuwar Arewa ba su iya haɗa kai ba. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta Badun, daga 'yar gardama tsakanin mutane ƙalilan, aka yi asarar rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje. Kafin watan ya ƙare haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta ƙasa ta ba da umurnin a daina kai kaya kudu. Cikin 'yan kwanaki motoci suka tsaya cik, nama da tumatir suka yi tashin gwauron zabo a Ikko. Amma a daidai wannan lokaci tumatir yana ruɓewa a kasuwannin Arewa, manoma suna kuka. Da aka janye a farkon Maris, kowane ɓangare ya ɗanɗana kuɗarsa.

Darussa biyu ne a nan. Na ɗaya, mai kaya da mai saye jirgi ɗaya ya ɗauko su, ba wanda zai wadata in ɗayan ya tagayyara. Na biyu, ƙungiyar da ta iya tsai da motocin ƙasa baki ɗaya cikin mako guda, ba za ta kasa jera su bi da bi a ranakun zaman lafiya ba. Abin takaici ne a ce ba a tunawa da ƙarfin haɗin kai sai ranar fushi. Daɗin daɗawa, tsari garkuwa ne ga baƙo. Kasuwar da take da rajistar 'yan ƙungiya da 'yan dako, da kwamitin sasanci da ya haɗa Hausawa da 'yan gari, a nan ne ake kashe gardama tun tana ta mutum biyu, kafin ta zama ta ƙabila biyu. Waɗanda suka ga yadda aka rufe Mil 12 bayan tarzomar Maris 2016 sun san abin da kwana ɗaya na rufe kasuwa yake ci wa mai kayan gwari.

Uzurorin da akan kawo

Akan ce duk ƙungiyar da aka kafa shugabanni ne suke cinye kuɗin. Wannan kuka yana da tushe, an sha gani. Amma maganin ɓarawon shugaba shi ne a ƙara tsari: asusu a banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata uku, a yi zaɓe in wa'adi ya cika. Inda ba littafi, nan ɓarawo yake sakewa.

Akan ce yin rajista kiran mai haraji ne. To, wane falke ne ba ya biyan haraji a yanzu? Daga Arewa zuwa gaɓar teku, a kowane shinge sai an miƙa, ba rasiɗi, ba kuma wanda zai kai ƙara gare shi. Wanda yake da rajista da lissafi shi ne yake da bakin tambayar wace doka ce ta ce a karɓa, kuma shi banki yake iya ba rance. Ga masu gudun riba irin ta ruwa, bankunan da ba su ta'ammali da ita sun samu tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, amma su ma ba su ba da jari ga wanda ba shi da littafi.

Akan kuma ce tsari zai kashe dillali da ƙaramin ɗan kasuwa. Dillalin kirki ba abin da zai rasa, gama sanin mutane da sanin kaya ba su tsufa. La'adarsa ce za ta zama sananniya maimakon a riƙa zarginsa da cin bayan fage. Ƙaramin falke kuwa shi ya fi kowa bukatar inuwa, domin attajiri yana iya jure faɗuwa uku, shi ko ɗaya ta ishe shi. Sai dai wajibi ne a yi gargaɗi: tsari ba haɗa baki ba ne don a ɓoye kaya a ƙuntata wa jama'a. Addini ya hana wannan, dokar ƙasa ma ta hana. Manufa ita ce kaya su riƙa isowa daidai wa daida, mai saye ya huta da tsadar damina, mai kaya ya huta da faɗuwar rani.

Ba laifi ba ne a dubi maƙwabta. 'Yan kasuwar Ibo a Alaba da Anacha da Nnewi sukan ɗauki yaro a kan shekarun da aka ƙayyade tun farko a gaban iyayensa, in ya cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon, ya zama sabon reshe ga maigidansa. Matan Yarbawa suna da Iyaloja a kasuwanninsu, kowane layin haja da shugabarsa, ga adashi da ba ya fashi. A wajen Hausawa kuwa sau da yawa yaron gida yakan yi furfura a rumfar maigidansa ba tare da ya san ranar yaye shi ba, shi ya sa wani yakan fara yaye kansa da kansa daga cikin aljihun maigida.

Abin yi

Gyara ba ya bukatar a jira gwamnati. Kowace ƙungiyar haja, ta albasa ko ta tumatir ko ta shanu, ta ajiye akawu ɗaya a wurin lodi, ɗaya a wurin sauke kaya, su riƙa sanar da juna kowace yamma yawan motocin da suka taso da farashin da aka tashi a kai, a kafe a allo kowa ya gani. A tsai da awo ɗaya, a rarraba kaya lamba ɗaya da lamba biyu, a hukunta mai algus ko ɗan wane ne. Kowane maigida ya buɗe littafin bashi mai shaidu, ƙungiya kuma ta riƙe sunayen waɗanda suka ci amana don kada su cuci wani a kasuwa ta gaba. Masu ƙaramin ƙarfi su haɗu goma-goma ko ashirin-ashirin su yi rajistar ƙungiyar gama kai, abin da doka ta tanada a ƙasar nan tun 1935, su haɗa kuɗin mota da na sito da na akwatuna. Yaran da aka haifa a Sabo da Agege, waɗanda suka yi makaranta suka kuma iya Yarbanci da Turanci, a jawo su cikin harkar a ba su alƙalami da albashi, maimakon a bar su suna zaman kashe wando. A kuma rubuta wa kowane yaron gida wa'adinsa da abin sallamarsa.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su ne madugan wannan zamani, alhakin kiran taron farko yana wuyansu. Hukuma kuma tana da nata rabon: ta rage shingayen hanya, ta haɗe harajin da ake karɓa barkatai ya zama ɗaya mai rasiɗi, ta gyara jirgin ƙasa na kaya, ta taimaka da ɗakunan sanyi a manyan kasuwanni. Amma ko jirgin ya dawo gobe, ba zai tsaya jiran mai kwando biyar ba. Sai ƙungiyar da za ta iya cika tarago a ranar da aka sa. Gwamnati ma takan saurari wanda ya zo mata da lissafi a hannu fiye da wanda ya zo da kuka kawai.

Mutumin da ya bar garinsu, ya bar iyaye da 'ya'ya, ya zo ya jure sauro da ruwan Kurmi, bai zo don ya ciyar da birni shi ya koma da rigar wuyansa ba. Kakanninsa da jakuna suka kai Gwanja suka komo da riba, domin sun yarda su bi madugu su kuma riƙe awo ɗaya. Shi da yake da mota da waya da banki ba shi da hujjar da zai gaza su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rani mai zuwa ma tumatir zai nuna, motoci kuma za su kama hanya. Ko su iso bi da bi ko su iso a cunkushe, wannan ya rage ga shawarar da za a yanke tun yanzu. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.